Hoton Gona Daga Sama: Inda A Ke Samunsa, da Yadda A Ke Sanin Shekarunsa

Hausawa su kan ce gani ya kori ji, amma ba kowane gani ne ya ke korar ji ba. A yau mutum yana iya zama a zaure, ya buɗe wayarsa ta hannu, ya hango ƙauyensu daga sama, ga kasuwa, ga masallacin Juma'a, ga kukar bakin hanya, har ya ɗora yatsa ya ce ga gonar gandunsu nan. Abin da galibi ba ya tambaya shi ne, yaushe aka ɗauki wannan hoto? Ya kan zaci abin da ya ke gani haka ya ke a wannan sa'a, kamar wanda ya hau rimi yana leƙen gari. Alhali kuwa hoton yana iya zama na bara, ko na shekara 4 da suka wuce, tun ba a raba gādon gonar ba, tun rafi bai ci gefenta ba.

Al'amarin ba na wasa ba ne. A kewayen Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi birni yana ta cin karkara, gonar da aka noma gero a cikinta bana, baɗi sai a tarar an yanka ta fuloti-fuloti. Attajiri ya kan sayi gona bai taɓa taka ta ba, sai dai dillali ya nuna masa ita a waya. Magada su kan je da hoto gaban alƙali don su nuna inda iyaka ta ke, makiyaya da manoma kuma kowa yana da'awar ya san inda burtali ya bi tun kaka da kakanni. Duk wanda zai kafa hujja da hoto wajibi ne ya san ranar da aka ɗauke shi, gama hoto shaida ne, shaida kuwa ba ya iya faɗin abin da ya faru bayan tashinsa daga wurin.

Hotunan jirgin sama na dā

Kafin zuwan hoto, da ƙafa a ke awon gona. A ƙasar Kano, a farkon zamanin Turawa, akwai malaman taki, waɗanda su ke bin gonaki suna ƙidaya takunsu a tsawo da faɗi, don a yanka wa mai gona haraji gwargwadon abin da ya ke nomawa. Aiki ne mai cin lokaci, ga shi kuma takin wani ba na wani ba ne.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a 1946, Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikatar safiyo domin ƙasashen da ta ke mulki, wadda daga 1957 aka san ta da sunan Directorate of Overseas Surveys. Jiragen sama, da fari na soja, daga baya na kamfanoni, suka riƙa bin ƙasa layi-layi kamar mai huɗa, kamara tana duban ƙasa tsaye. Kowane hoto ya kan maimaita wajen kashi 60 cikin 100 na filin da ke cikin wanda ya gabace shi, domin in an jera biyu a ƙarƙashin wani madubi mai ido biyu, sai tudu ya taso, kwari ya zurfafa, itatuwa su miƙe tsaye. Daga irin waɗannan hotuna aka zana taswirorin nan masu ma'aunin 1:50,000 da a ke koyar da karatun taswira da su a kwalejoji. Faransawa ma sun yi irin wannan aiki a Nijar cikin shekarun 1950, aka kuma sake ɗaukar wani zagaye a 1975.

A hoton da ma'auninsa 1:40,000 ne, gona mai eka 1, wadda kowane gefenta kamar mita 64 ne, ba ta kai milimita 2 ba. Amma da ya ke fim ɗin mai kyau ne, in an faɗaɗa shi a kan ga shinge da turba da kan kowace babbar bishiya. Da taimakon hoton sama ne Polly Hill ta auna gonakin Batagarawa, kusa da Katsina, a binciken da ta buga a 1972. Ma'aikatar safiyon nan an haɗe ta da Ordnance Survey a 1984, tarin hotunanta kuwa yanzu yana birnin Edinbara, a ma'ajiyar National Collection of Aerial Photography. Mai nema a gida sai ya fara da ofisoshin safiyo da sassan labarin ƙasa na tsofaffin jami'o'i.

Akwai kuma wata taska da ba kowa ya san da ita ba. Daga 1960 zuwa 1972 Amurka ta yi ta ɗaukar hotunan leƙen asiri da taurarin ɗan'adam da ta kira Corona, ba ta bayyana su ga jama'a ba sai a 1995. Mafi kyawunsu suna nuna abin da faɗinsa ya kai mita 2, ana kuwa samunsu ta hannun hukumar binciken ƙasa ta Amurka, watau USGS. Abin da aka yi domin Yaƙin Cacar Baki, ga shi yau yana nuna inda fadama ta ke kafin a gina madatsar Tiga a 1974.

Taurarin ɗan'adam: sabo ko bayyananne

Hoton tauraron ɗan'adam na zamanin nan ba fim ba ne, tarin ɗigo ne. Kowane ɗigo yana tsaye ne a madadin wani fili mai kusurwa huɗu a ƙasa, launinsa kuwa guda ɗaya ne, kome yawan abin da ke cikin filin. In akwai rijiya da tunkiya da kututture a ciki, duk sai su cuɗe su zama launi guda. Saboda haka tambaya ta fari game da kowane tauraro ita ce girman ɗigonsa, ta biyu kuwa ita ce kwana nawa ya ke yi kafin ya sake bi ta kan wuri guda.

Landsat na farko, wanda Amurka ta harba a 1972, ɗigonsa kamar mita 80 ne, watau ɗigo ɗaya ya fi eka ɗaya da rabi. Tun daga 1982 aka rage shi zuwa mita 30, haka kuma ya ke a Landsat 8 na 2013 da Landsat 9 na 2021, waɗanda in an haɗa su biyu su ke sake duban kowane wuri bayan kwana 8. Tun 2008 kyauta a ke ba da hotunansu. To, amma eka 1 murabba'in mita 4,047 ce, ɗigon Landsat kuwa 900, ke nan gonar talaka ba ta wuce ɗigo 4 ko 5 ba. Da wannan a ke iya ganin yadda Tafkin Chadi ya janye, ko yadda gandun daji ya ƙare, amma ba a ganin gonar kowa.

Wanda ya fi amfani ga mai neman sabon labari shi ne Sentinel-2 na ƙasashen Turai. An harba na fari a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024. Ɗigonsa mita 10 ne, yana share faɗin kilomita 290 a tafi ɗaya, yana kuma dawowa kowane kwana 5. Kowa yana iya buɗe hotunansa kyauta a shafin Copernicus, kowane hoto da ranarsa a rubuce. A nan eka 1 ta zama ɗigo 40: ana gane siffar gona, ana gane ko an shuka ta ko an bar ta saura, ana ganin inda ambaliya ta kwanta. Shinge dai ba ya fitowa.

Nijeriya ma ta harba nata. NigeriaSat-1 na 2003 ɗigonsa mita 32 ne, NigeriaSat-2 na 2011 kuwa ya kai mita 2.5, an kuma ƙera shi ne don aikin shekara 7. Hukumar NASRDA da ke Abuja da cibiyarta ta Jos su ne wurin tambayar abin da suka tara.

Sai taurarin kamfanoni, waɗanda a ke sayen hotonsu da kuɗi. Ikonos na 1999 shi ya fara kawo ɗigon mita 1 kasuwa, Pléiades na Faransa na 2011 ɗigonsa rabin mita ne, WorldView-3 na 2014 ya sauko wajen santimita 30. A irin wannan hoto eka 1 ta haura ɗigo 40,000, har kunyoyin gona da rumbu da garken shanu a ke gani. Amma fa kome yana da farashinsa. Idon da ke ganin ƙanƙanen abu siririn layi ya ke bi: WorldView-3 faɗin abin da ya ke ɗauka kilomita 13 ne kawai. Ba ya iya share duniya kowane mako, sai an juya shi an auna wuri, ba a kuwa juya shi sai inda wani ya biya. Masu biya kuwa birane su ke so, da tashoshin jiragen ruwa, da rijiyoyin mai, da fagagen yaƙi. Ƙauye sai in ya yi sa'a ya faɗa gefen layin. Wannan shi ne dalilin da ya sa hoton tsakiyar Kano ya ke sabuntuwa a kai a kai, na ƙauyen da ke nesa da kwalta kuwa ya kan shekara da shekaru bai motsa ba. Akwai matsakaici, watau ƙananan taurarin kamfanin Planet, masu ɗigon mita 3 zuwa 4, da ke ɗaukar kusan dukan doron ƙasa kullum, su ma dai da kuɗi ne, ko da ya ke kamfanin ya kan yi wa masu bincike na jami'a rangwame.

Ke nan mai nema yana tsakanin abu biyu: hoto sabo amma dishi-dishi, ko hoto tangaran amma tsoho. Samun sabo kuma tangaran sai mai kuɗi.

Karanta ranar hoto

Yawancin mutane ta Google su ke ganin gonakinsu. Ya kamata a sani galibin hotunan nan ba Google ne ya ɗauka ba, saye ya ke yi daga kamfanoni irin su Airbus, sa'an nan ya ɗinke su kamar rigar faci. Shi ya sa wani lokaci a kan ga layi miƙaƙƙe ya ratsa gona, rabi kore shar, rabi ja wur: wancan gefe hoton damina ne, wannan na rani, mai yiwuwa ma shekararsu ba ɗaya ba ce.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na lambar shekara da a ke gani a gindin allo tare da alamar haƙƙin mallaka. Wannan lamba ba ranar hoto ba ce, shekarar haƙƙin kamfani ce, ita kuwa kullum sabuwa ce. Taswirar Google ta waya ba ta faɗin ranar ɗauka. Sai an shiga Google Earth, musamman na kwamfuta, a nan ne ranar ta ke fitowa a ƙasa, tana kuma sakewa in an matsa daga wannan faci zuwa wancan. Tun 2009 aka sa masa wata alama mai kamar agogo, wadda in an taɓa ta ta ke jera dukan hotunan da aka taɓa samu na wurin, daga na dā zuwa na baya-bayan nan. Abin mamaki, sau da yawa a cikin jerin nan a kan tarar da hoton da ya fi wanda ke fuskar allo sabunta, an ƙi sa shi gaba ne kawai don ɗan gajimare ko hazo ya rage masa kyau. Mai bincike kada ya tsaya a kan abin da aka fara nuna masa.

Kada kuma ya tsaya a kan Google shi kaɗai. Bing da Esri suna da nasu tarin, a kan kuwa dace wani ya sami abin da wani bai samu ba. Esri yana da ma'ajiya mai suna Wayback da ta faro daga 2014, sai dai ranakun da ke jere a gefenta na fitar da taswira ne, ranar ɗauka sai an taɓa wurin kansa ta ke bayyana.

Hanyar da ta fi dacewa ga wanda ba shi da kuɗin saye ita ce ya gama biyun. Ya nemi hoto mafi bayyana, ya rubuta ranarsa. Sa'an nan ya koma Sentinel-2, ya bi wurin wata-wata tun daga wannan rana har zuwa makon jiya. In an fasa sabuwar hanya, ko an buɗe ramin yashi, ko an share daji, ko gine-gine sun shigo, ɗigon mita 10 ya isa ya tona. In bai ga wani babban sauyi ba, to, tsohon hoton nan yana da sauran amfani. In ya gani, ya san daidai watan da shaidarsa ta daina aiki.

Idan aka kawo wa mutum hoto a takarda ba rana a jikinsa, ba a rasa dabara ba. Masu nazarin tsofaffin littattafan ajami sun saba da wannan: in marubuci bai sa shekara ba, sai a ɗaga takardar a rana a duba tambarin da ke cikinta, kamar tambarin wata uku na takardun Italiya. Haka a ke yi wa hoto. A duba ko an yi wa makarantar gari sabon kwano, ko tankin rijiyar burtsatse ya tsaya, ko kwalta ta iso, sa'an nan a tambayi mutanen gari shekarar kowanne. Abin da ke ciki ya ba da farkon lokaci, abin da babu ya ba da ƙarshensa.

Lokacin shekara

A ƙasar Hausa watan da aka ɗauki hoto ya kan fi shekararsa muhimmanci. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ya ke rufe ƙasa, a kan yi makonni tauraro yana wucewa bai ga kome ba sai fari fat. In an dace da sarari kuma, gero da dawa sun rufe ko'ina, gonar wannan ta haɗe da ta wancan. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce ke dusashe hoto. Can cikin bazara ƙasa ta yi fari ƙal, an kwashe kara, dabbobi sun tattake kunyoyi, sai iyakar da aka dasa wa wani abu kaɗai ke fitowa. Lokacin da ya fi kyau shi ne kaka, watau Oktoba da Nuwamba: sama ta washe, an girbe gero, dawa tana tsaye, gyaɗa da wake kowanne da launinsa, sai gonaki su rarrabu kamar an zana su. Mai binciken fadama da lambuna kuwa rani ne nasa, sa'ad da kore ya rage a bakin ruwa kaɗai. Akwai tauraro mai aiki da rada, Sentinel-1, wanda gajimare ba ya tare shi, yana da amfani ƙwarai wajen auna ambaliya, amma karanta hotonsa sai gwani.

Taurarin nan galibi da hantsi su ke wucewa, wajen ƙarfe 10 zuwa 11, saboda haka inuwa a hoto yamma ta ke karkata. Da inuwa a ke bambanta giginya da tsamiya, a kuma gane gini daga fili. Gawo kuwa shi ya ke tona kansa, gama shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani.

A kan gawon nan ne aka ga amfanin jera tsohon hoto da sabo. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, kowa ya ɗauka itatuwan kudancin Nijar ƙarewa su ke yi. Da Gray Tappan na USGS ya gwama hotunan jirgin sama na 1975 da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000 a yankunan Maraɗi da Damagaram, sai ya tarar itatuwan gonaki sun ninka. Manoma ne suka riƙa barin tohon kututture yana girma maimakon sassabe shi. Shi da Chris Reij sun ƙiyasta abin ya shafi hekta wajen miliyan 5, da itatuwa kamar miliyan 200. Landsat ya yi ta wucewa ta kan wannan aiki shekara da shekaru, amma itace ɗaya-ɗaya a tsakiyar gona bai cika ɗigonsa ba.

Abin da hoto ba ya faɗi

Hoto yana nuna wanda ya noma, ba ya nuna wanda ya mallaka. Gona guda a ido tana iya zama gandu da gayauna uku a cikinta. Wadda a ke gani an nome ta tas, mai yiwuwa aro ce, ko jingina, ko haya, mai ita yana birni. Wadda ta koma saura kuma ba a ce ba ta da mai ita ba. Inda aka dasa gamba ko aguwa ko bini-da-zugu a kan iyaka, layin ya kan fito sarai. Inda iyaka dutse ne guda, ko kututturen ɗorawa da dattawa biyu suka sani, babu tauraron da zai gan ta. Burtalin da aka cinye shekara 10 da suka wuce ba ya cikin sabon hoto sam, sai a tsoho, a nan kuwa sabuntar hoto ita ce aibinsa.

Doka ma ba ta ɗauki hoto a matsayin takardar mallaka ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin zama na gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. A Nijar, Dokar Karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin ƙasa, waɗanda reshensu ya kai har ƙauyuka. Ko'ina dai takarda tana bukatar awon ma'aikacin safiyo da shaidar masu unguwa da maƙwabta. A manyan kotunan Nijeriya kuma, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya gindaya sharuɗɗa kafin a karɓi abin da aka fitar daga kwamfuta.

Akwai wani tarko da ya kan kama har masu ilmi. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an kafa lissafinsu ne a kan wata alama da ke kusa da Minna, na'urar GPS da Google kuwa da wani lissafi na duniya su ke aiki, mai suna WGS 84. In aka ɗauki lambobin wuri daga tsohuwar takardar safiyo aka zuba su a waya ba tare da an juya su ba, wurin ya kan goce da mitoci masu yawa, har ya faɗa gonar maƙwabci. Su kansu hotunan Google, na bana da na bara su kan saɓa da 'yan mitoci, wanda bai sani ba sai ya rantse an ci masa iyaka. A nan ma ya kamata a lura da kalmar kadada, wadda wasu su ke nufin eka da ita, wasu hekta, alhali hekta 1 ta kusa eka biyu da rabi.

Wanda ya ke bukatar hoton yau-yau, kuma tangaran, abin da ya rage masa shi ne ƙaramin jirgi marar matuƙi. In ya tashi kamar mita 100, ɗigonsa 'yan santimitoci ne, gajimare kuma yana samansa. Sai dai a Nijeriya ba a tashinsa don aiki sai da izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba Shugaban Ƙasa shawara kan tsaro, a wuraren da ke fama da rashin zaman lafiya kuwa abin ya fi haka tsanani.

Kowane iri aka samu, malamin da zai tura ɗalibansa ƙauye ya sa su buga hoton a babbar takarda, su rubuta sunan tauraro da rana da girman ɗigo a gefe, su kai wa dagaci da dattawa. Kada su nace sai arewa ta kasance a sama kamar yadda aka koya musu a aji. A shimfiɗa takardar a ƙasa, a juya ta har gabas ɗinta ta dubi alƙibla, a nuna masallaci da kasuwa da babbar kuka. Daga nan dattijon da bai taɓa riƙe taswira ba zai bi turba da yatsa, yana faɗin sunan kowace fadama da kowane tafki, da wanda ya sare dajin, da wanda ya gāda, ɗalibi kuwa yana rubutawa a kan hoton da fensir.